Ku Dawo Bayan Salla

Kafin in lalace, ni mai lodin shanu ne a karar Potiskum. Ranar kasuwa tun hantsi muke tura shanu cikin tirela har la'asar sakaliya, kuma ko igiyar wani ban taɓa ɗauka ba. Iyayenmu sun rasu, yayata Falmata mai ƙosai ce ta riƙe ni a unguwar Dogo Nini.

Wani direba ne ya fara miƙo min ƙwayar tiramol, ya ce gajiya za ta bi iska. Ta kuwa bi. Daga ɗaya na koma biyu, daga nan na daina ƙirgawa. Da ladan lodi ya kasa ciyar da ƙwaya, sai hannuna ya yi tsawo: yau wayar ɗan kamasho, gobe kaskon suyar Yaya.

Wata rana na farfaɗo a bakin kwata, kumfa a bakina, mutane sun yi cirko-cirko a kaina. Tsoro ya kama ni. Ni da bakina na roƙi Yaya ta kai ni asibiti. Aka ce mana ba a kwantar da irina sai a wani asibitin gwamnati mai nisa, sai mun hau mota.

To ga inda muka yi wauta. Yaya mace ce mai gudun abin kunya. Ta wanke min kaftanin salla, ta kai guga, ta aro min hula zanna, ta turara ni da turaren wuta kamar mai zuwa neman aure. Wai ba za a ga ɗan gidanmu wujiga-wujiga a bainar jama'a ba.

Muka tarar da baranda cike maƙil. Wani an ɗaure shi da igiya, wani yana ta zage-zage, iyaye mata zube a ƙasa da kwanukan abinci, likita kuwa ɗaya tal. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin jinya ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi Yaya ko ina dukan mutane, ko ina ɗauke-ɗauke. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, yaron kirki ne, ƙwayar ce kawai."

Na buɗe baki zan ƙaryata, ta take min ƙafa.

Ya ce, "Hajiya, kin ga wancan da aka ɗaure? Shi za a ba gadon da ya rage. Naku da sauƙi. Ku dawo bayan salla."

Ban ga laifin bawan Allahn nan ba, abin da ke hannunsa ya raba. Amma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wato sai mutum ya haukace tuburan sannan ya cancanci magani?

Ban kai sallar ba. Ana gab da ita na kwance ragon layyar wani dattijo mutumin Nangere a kara, aka ritsa ni, aka yi min dukan kawo wuƙa. Alƙali dai bai ce in dawo bayan salla ba. A gidan yari na rabu da ƙwaya, ba likita ba magani, ina amai ina makyarkyata a kan siminti. Duk zuwan da Yaya za ta yi sai ta yi kuka, ta ce da ta faɗi gaskiya da ban zo nan ba.

Na fito na tuba, na taka har Nangere na nemi gafarar dattijon, ya yafe min. Lodi kam babu mai ba ni, wankin mota nake yi.

Kwanan baya na raka Modu, abokin lodina na da, wanda ƙwaya ta kayar. Na kai shi asibitin nan da dattinsa, na tona masa asiri kaf, ban rage komai ba. Aka ce ba gado. Na dawo na shaida wa Yaya ta daina ɗora wa kanta laifi, ko ta faɗi gaskiya a ran nan bakin ƙofa za mu tsaya.

Saboda haka samari, kada wani ya ce zai taɓa ƙwaya, in ta yi tsanani a kai shi asibiti. Masu jira sun fi gadajen yawa nesa ba kusa ba. In an miƙo maka ta farko, ka mayar da hannunka aljihu. Wuri ɗaya na sani da ba a cewa ya cika a kore ka, na kwana a cikinsa, kuma ba na yi wa ɗan kowa fatansa.