Kwaɗon da Malam Dodo Ya Sa wa Firigon Inna Fanta

Da an sallame Asuba, Malam Dodo yakan ɗaure batir biyu a bayan babur, ya bi lungunan Birni yana leƙa gidajen da ya san akwai maras lafiya. Shekara da shekaru ke nan, tun yana cajinsu da inji mai hayaƙi har ya koma farantin sola. Yanzu gwiwa ta ƙi, zai ajiye aikin. Amma har yau marowaci muke ce masa a unguwa, kuma wannan suna yana ƙona mini rai.

A bazarar bara wuta ta tafi kamar ta yi ƙaura, kwana da kwanaki babu labarinta. Allurar ciwon sukari ta Inna Fanta tana cikin ɗan firigonta. In ta ji zafi ta lalace, kuma tsohuwar ba ta da wata. Dodo ya jona mata batir, ya wuce.

Kafin Azahar zance ya zaga, wai gidan Fanta akwai sanyi. Wannan ta kawo zoɓo, waccan sauran miya, Habu mahauci har da cinyar akuyar da ya taho da ita daga Mirriya. Ana buɗewa ana rufewa, wayoyi kuma sun yi layi jikin batir. Inna Fanta tana kallo, ta kasa hana kowa. Ai ba a hana maƙwabci. Ta gwammace ta kwanta ciwo da a ce ta yi rowa.

Dodo ya dawo ya tarar batir ya mutu, firigo ya fara ɗumi. Ya kwashe kwanonin mutane ya jera a tsakar gida, ya jona ɗaya batirin, ya zagaya firigon da sarƙar baburinsa, ya datse kwaɗo.

"Inna, ke ce mai kunya, ni ba ni da ita," in ji shi. "Duk mai zagi ya zo wurina."

Aka kuwa zage shi son rai. Safe da yamma yana zuwa da mabuɗi da sabon batir, har wuta ta dawo.

Malam Dodo, kai ne ka ɗauki baƙin jinin da tsohuwa ta kasa ɗauka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Masu gadon aikinka su koyi jona waya, amma su fara koyon cewa a'a.

Habu har yau ba ya gaishe ka, saboda cinyar akuyarsa ta yi wari. Inna Fanta kuwa lafiyarta lau, jiya ma ita ta yi wa jikarta wankan suna.