Ranar da Kaka Ta Je Neman Rama a Situdiyo

Warin jiƙaƙƙiyar toka ne ya tashe ni a wannan safiya. Na leƙa tsakar gida na tarar da Kaka zaune bakin murhu, tana shafa toka a kumatunta a hankali, kamar mai shafa hoda ranar biki. Daren jiya ta iso Tawa daga Bambeye, kuma ta ƙi karya kumallo.

Kawuna, autanta, ya shekara bakwai a Abijan bai leƙo gida ba. Yana aiko da atamfa, yana bugo waya, amma ƙafarsa ba ta taka ƙasarmu ta Adar ba. Kaka ta gaji da jira, ta yanke shawarar aika masa hotonta a rame, ya gani hankalinsa ya tashi, ya zo. Damuwar ita ce Kaka ba ta san rama ba. Mace ce kakkaura, wadda ke surfa gero tana tsokanar masu wucewa.

Na ce bari in ɗauke ta da wayata.

"Hoton waya iska ne, ƴar lakwal," in ji ta, haka take kirana don ina makarantar boko. "Na takarda nika so, na mai hoto na gaske. An ce injinsu shina ƙara ma mutum nama. To, mai iya ƙarawa ai ba ya rasa iya ragewa."

Ban musa mata ba, don ni ma ina da nawa imanin. Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, ina cika kaye, littafin rubutuna, da waƙoƙin wata da damina, kuma na yarda cewa mai hoto na gaske yana hango abin da ke ɓoye a zuciyar mutum. Na ɗauka yana kallon Kaka zai ga kewar ɗanta, ya kama ta a takarda.

Muka hau baburan kabu-kabu biyu zuwa wani situdiyo kusa da kasuwa. Mai hoton mutumin Damagaram ne, siriri, da tabarau a goshi. Ya dubi tokar, ya dubi tsohon zanen da Kaka ta ɗaura, ya miƙo mata tsumma.

"Inna, goge fuska tukuna."

"Bar mini abuna! Rage ni za ka yi. Ka hiddo mini ƙasusuwan wuya, ka zurma idanun."

"Inna, injin nan ba ya ƙari, ba ya ragi. Haske kawai yake kamawa."

"To kama kaɗan."

Ya ce shi shekarunsa a wannan sana'a bai taɓa ɓata fuskar kowa ba, ba kuma zai fara da tsohuwa ba. Kaka ta ce ita ta kawo fuskar, ita ke da ikon ɓata ta. Daga ƙarshe ya zaunar da ita a kujera, ya kunna fitilu biyu masu kama da laima. Kaka ta langwaɓar da kai, ta tsotse kumatu, ta rufe ido ɗaya da rabi.

"Inna, kin yi kama da wadda aka hana goro," ya ce.

Dariya ta ƙwace mata. A daidai nan fitila ta walƙa.

Da la'asar na koma karɓo hoton. Bawan Allah ya zauna gaban kwamfuta ya yi aikin da yake ganin mutunci ne. Ya share tokar, ya goge tamojin goshi, ya sa mata farin gajimare a baya, da wani haske mai saukowa daga sama, ya kewaye ta da furanni. A ƙasa ya bar fili fari. Ni dai na ga ya yi kyau har na ji ƙwalla.

Kaka ta juya shi sama da ƙasa.

"Wagga amarya fa, ɗiyar wa ce? Wa za shi baro Abijan don wagga?"

Amma mutumin garinsu Kaka da zai kai saƙon Abijan, da safe zai hau mota, babu lokacin sake wani. Ta sa shi a ambulan tana tsaki. Don ta cike giɓin da mai hoto ya bari, sai ta kafa doka: in Kawu ya bugo waya, ba za ta karɓa ba. Ya bugo sau uku. Kowane lokaci Innata ta ce masa, "Lafiyarta lau, tana dai hutawa," Kaka kuwa tana gefe tana cin kopto, kwaɗon zogale, tana yi mata nuni da ta kashe wayar.

Ba a yi kwana goma ba muka ji sallama a ƙofa, murya a dishe. Kawu ne, idanu jajur, babu ko tsaraba, sai ƴar jaka a kafaɗa. Ya shigo yana salati. Kaka na tsakiyar gida riƙe da taɓarya. Ya tsaya, ya dube ta, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Tashi, kai da ba ka san hanyar gida ba," in ji ta, tana goge ido da gefen zane. Ya yi wata biyu tare da ita a Bambeye. Ta riƙa gaya wa mata cewa mai hoton Tawa gwani ne, ya ɓoye ramar a ciki ta yadda ɗanta kaɗai ke iya gani. Ni ma na yarda, har na rubuta waƙa a kai.

Sai bayan shekaru, ina jami'a, matar Kawu ta ba ni labari tana dariya. A unguwarsu a Abijan, hoto mai gajimare da haske daga sama da furanni, shi ne irin wanda maƙwabtansu ke bugawa a jikin riga da takardar sanarwa idan mutum ya rasu, a rubuta ranar a farin filin da ke ƙasa. Da Innata ta riƙa cewa tana hutawa, sai ya ɗauka ɓoye masa rasuwar ake yi. Kawu ya karɓi gaisuwar ta'aziyya daga mutanen layinsu kaf kafin ya hau mota.