Kwanciyar Gawa a Bayan Kasuwar Labasa

Premila ta fara jin sunan Dulari ne a bakin kakarta: "Matar nan da ta shiga motsa jiki na yoga tun ranar da 'yarta ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba."

Ga Dulari yau a rumfa, siririya cikin farin zanen sari, tana koyar da matan manoman rake, har da Premila. "Ku saki jiki kamar gawa," in ji ta. Ita kuwa ba ta kwanciya. Tabarma-tabarma take bi, tana kai bayan hannu kusa da hancin kowa.

"Inna, da raina fa!" wata ta ce. Dulari ba ta dara ba.

Sau ɗaya ta taɓa raɗa wa Premila: "'Yar nan, na roƙe ki, riƙa numfashi da ɗan ƙarfi. In kin yi shiru haka, kasa wucewa nake."