Wuyan Baballe

A hanyar da ta fito daga Nariya zuwa Rano akwai wani kwalbati da ba ya ɗaukar mota biyu. Ranar kasuwa, in motoci suka haɗa hanci a kansa, dole ɗaya ta koma da baya. Direbobinmu kuwa sun ɗauki ribas tamkar durƙuso. Sai ƙato ya kashe mota ya fito yana tambayar ɗan'uwansa wa ya girmi wani, 'yan acaba da masu adaidaita sahu sun toshe kowace kafa, tumatir yana dahuwa a rana.

Baballe shi ne mai komawa. Tun yana saurayi yake jan akori-kura, yana ɗauko masara da albasa daga ƙauyuka, kuma bai taɓa tsayawa musu a wurin ba. Da ya hango mota sai ya dafa bayan kujera, ya karkata wuya, ya koma har gindin ɗorawa. Ba waliyyi ba ne. Yana da rowa, a gida kuma yana da faɗa. Da bakinsa yake cewa yunwa ce ba ya jurewa, gara ya koma ya iske tuwo da zafi. A tasha suna ce masa Sarkin Ribas, yaran da ya yi jika da su ma fitila kawai suke kunna masa su danno kai.

Bara wuyan ya riƙe. A asibiti aka ce tsufa ne. Madubi kuwa, in aka yi lodi, ba abin da yake nunawa sai buhu. Matarsa Fulera ce ta gano, da ta ga in zai yi sallama a nafila har da kafaɗa yake juyawa. Ta ce ba za ta gaya wa 'ya'yansa ba, amma ranar da ya tare hanya ko ya jefa taya a rami, ranar zai miƙa wa ɗansu Uzairu mukulli. Baballe bai iya noma ba, bai iya zaman majalisa ba. In aka karɓe motar bai san inda zai ajiye kansa ba. Sai ya koma fita da sassafe don kada ya haɗu da kowa.

Wata ranar kasuwa lodi ya yi latti. Yana hawa kwalbatin sai ga Muntari, wani matashi mai bas, ya taho daga Rano cike da fasinja, yana shan rake. Baballe ya dafa kujera kamar kullum, wuya ya ƙi. Ya zauna jim yana jin ham daga baya, sannan ya sauko ya taka zuwa tagar bas ɗin.

"Baba, yau kuma giyar ribas ɗin ce ta gaji?" in ji Muntari.

"Wuyan ne ya gaji. Kai za ka koma."

Muntari ya leƙa baya, ya ga rami dama da hagu, ya ajiye raken. Bai taɓa komawa a wurin ba. Yawancinsu ma ba su taɓa ba, tunda akwai Baballe.

Tsohon ya bar tagar bas ɗin. Ya zaga baya, ya bi masu babura ɗaya bayan ɗaya yana cewa su ja, har aka samu fili. Ya tsaya inda Muntari zai gan shi a madubi, yana nuna masa da hannu. Bas ta riƙa karkacewa kamar saniyar da ake ja da wutsiya. Wata tsohuwa a ciki ta ce a sauke ta, gara ta ƙarasa Kibiya a ƙafa. Da ƙyar dai aka fita, hanya ta buɗe, Baballe ya wuce.

Labari ya riga shi isa gida. Fulera ta miƙo hannu a ba ta mukulli, ta ce ya tare hanya. Ya ce ya kuma buɗe ta. Ta dube shi, ta ce ta ba shi zuwa kasuwa mai zuwa.

Da ranar ta zo, Muntari yana hango koriyar akori-kurar Baballe ya tsaya tun daga nesa, ya jira. Na bayansa suka tsaya. Ba tausayi ba ne, ba wanda yake so a koya masa ribas a gaban fasinja. Sannu a hankali ya zama wanda ya fi nisa da kwalbatin shi ke jira, ko Baballe yana nan ko ba ya nan, tumatir kuma yana isa kasuwa da ransa.

Mukullin yana aljihun Baballe har yanzu. Fulera dai ba ta daina kallonsa in zai yi sallama ba.