Garmar Yaya Bawa da Fom Ɗin da Na Cika

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Bawa makwancinsa a Kaura Namoda, amma har yau in na ji rediyo na cewa gwamnati za ta tallafa wa masu ƙera kaya a cikin gida, sai in miƙa hannu in rage murya. A makon jiya ma na sake ji. Maganar ba ta canza ba, muryar mai karantawa ce kawai sabuwa.

Yaya Bawa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya gaji maƙerar mahaifinmu, ni kuwa aka kai ni boko na zama malamin firamare, wato a wurinsa mutumin da hannunsa bai san zafi ba. Garmar shanu yake ƙerawa da ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci, kuma yana da ƙa'idar da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba ya ƙera maka garma sai ka zo da ƙasar gonarka a ƙulle cikin tsumma. Zai kwance, ya ɗiga ruwa, ya murza a yatsa, sannan ya tambayi girman shanunka. Ta lakar fadamar Shinkafi daban, ta jigawar Zurmi daban. In bazara ta yi, ƙofar maƙerarsa ba masaka tsinke, mutanen Jangeru da Katuru da na rugage, kowa da ƙullinsa.

Sai aka ba mu jiha, ba a jima ba aka ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane yadda zukatanmu suka buɗe ba. Mun ɗauka daga nan in babba ya faɗi magana, ta zauna ke nan. A cikin wannan ɗoki na ji labarin wani shiri: duk maƙerin da ya nuna zai iya fitar da garma da yawa iri ɗaya, za a ba shi inji da wutar lantarki, kuma a wurinsa za a sayi waɗanda za a raba wa manoma. Ni na karɓo fom ɗin, ni na kai masa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Garma iri guda ga gonakkin mutane duka? Malam, wa at taɓa yin hakanan?"

Kwana uku ina kansa. Na ce masa duniya ta wuce ƙullin tsumma, na ce 'ya'yansa za su gaji masana'anta maimakon bukka. Ban ce masa baƙauye ba, amma ya ji kalmar a muryata. Daga ƙarshe ya dangwala yatsa, na cike sauran da Turancina da nake taƙama da shi.

A bazarar nan ya yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba, ya mayar da manoma don ya tara garmar da za a zo dubawa. Ina zaune Malam Ɗanjuma ya iso daga Katuru, dattijon da tun zamanin mahaifinmu yake zuwa. Yaya ya ba shi haƙuri idonsa a ƙasa. Dattijon ya kwance tsummansa, ya zazzage ƙasar a bakin ƙofa, ya tafi.

Masu dubawa sun zo da manyan riguna, sun sha furarmu, sun ɗauki hotuna, sun tafi da garma biyu wai za a nuna a Gusau. Shiru ke nan. Da aka tashi rabo, sai ga garmomi daga ƙasar waje, da fenti mai kyau da ƙarfe kamar na langa. Manoman da ya mayar kuwa sun riga sun sami wasu maƙera, wasu har tsallaken iyaka. Tarin da ya ƙera ya ƙi sayarwa, ya ce ba don gonar kowa aka yi su ba, ya sassare su ya yi fartanya. Shekarunsa na ƙarshe a gyaran garmomin wajen ya ƙare, in laka ta lanƙwashe su.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Sau ɗaya ne, yana jinya, ya ce mini, "Ba rashin injin ne ka ci mini rai ba. Ƙasar Ɗanjuma ce da yaz zubar ƙofata."

Da zai dawo yau, ban san abin da zan nuna masa ba. Maƙerar ta zama shagon cajin waya, 'ya'yansa na kan acaɓa. Ko da an cika alkawarin yanzu, wa za a ƙera wa? 'Yan bindiga sun kore shanun noma, gonaki da yawa sun koma daji. Gaskiya ni dai na daina sa rai.

Kwanan baya na leƙa makarantar da na taɓa koyarwa, inda 'yan gudun hijira daga Kurya Madaro suka fake. A jingine da bango na ga garma mai ɗigo uku a wuya, alamar Yaya ke nan. Na shafa bakinta, ko tsagewa babu. Mai ita ya ce da suka gudo ya bar gado da buhunan gero, ita ya saɓo. Na tambaye shi ko zai sayar, tunda wani na iya mora.

"Babanmu yas sa anka ƙera ta don gonarmu," in ji shi. "Ba ta aiki ga wata ƙasa."

Abin da ya rage na wana ke nan: aiki mai kyau da ya ƙi lalacewa, yana jiran gonar da mai ita ba ya iya takawa. Allah Ya jiƙan Yaya Bawa, ni kuma Ya yafe mini fom ɗin nan.