Waken Bintu da Rijiyar Namadi

Shekara talatin Bintu tana dafa wake da shinkafa a bakin kasuwar Attantane, ba a taɓa mayar mata da kwano ba. Mijinta Namadi mahaƙin rijiya ne. Da ya rasu bai bar mata komai ba sai ɗa guda, Muniru, wanda ke gyaran babur a Maraɗi, da wata rijiya mai zurfi a bayan gari wadda ake kira da sunansa.

Da aka kawo famfo, mata duk suka koma can. Wa zai yi ta jan igiya har tafin hannu ya yi kanta alhali ga ruwa a tsaye? Bintu kaɗai ta ƙi. Kullum da hantsi sai ta ɗauki gugarta ta nufi bayan gari, in ta dawo masu zama a gindin bishiyar bedi su ce, daga rijiyar Namadi? Ta ce daga can. Wannan tambayar ce kaɗai ta rage inda take jin sunan mijinta a bakin mutane, kuma tana son jinta fiye da yadda za ta iya faɗa.

Wata ranar damina bayan azahar ƙasa ta yi wani gurnani, kwanuka suka yi ƙara a kan jere, kaji suka watse. Kafin a ce mene ne, abin ya wuce. Wasu suka ce tsawa ce daga nesa, aka manta. Ruwan rijiyar ya yi kwana uku a gurɓace, sannan ya kwanta ya yi garau kamar dā.

Sai dai wake ya daina nuna. Ta ƙara itace, yana nan kamar tsakuwa. Ta ƙara kanwa, ya yi baƙi ya yi ɗaci. Ta canza mai sayar mata da wake, duk ɗaya. Masu ciniki suka fara wucewa suna gaishe ta daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa mara lafiya. Ta ce musu ruwan ne ya sauya: sabulu ba ya kumfa, butarta ta yi farin ɓawo a ciki. Suka leƙa tulunta suka ga ruwa fari tas, suka kalli juna. Ai kowa ya san tsufa in ya zo, hannu yake fara kamawa, sannan kai.

Labari ya kai Maraɗi, Muniru ya zo. Ya zauna a kan turmi yana murza makullin babur, ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa, bayan girbi zai dawo ya ɗauke ta.

"Inna, ki huta haka nan. Mutane suna magana."

"Hannuna lahiya lau shike, Muniru. Ruwanga ne ba shi ne ba."

Bai musa mata ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Ranar kasuwar Mayahi ta cika kwalba biyu da ruwan rijiyar, ta hau amalanke, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ofishin masu kula da ruwa. Ta wuni a kan benci da kwalabenta a cinya. Wani ma'aikaci mai suna Illo ya saurare ta har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi mata tun damina. Bayan sati biyu ya zo da kayan awo, ya zura su cikin rijiyar a gaban mai gari da jama'a.

Ya ce tsohuwa ta yi gaskiya. Ga alama motsin ƙasar nan ya tsaga wani farin dutse a can ƙasa, ruwan da ke kwance ƙarƙashinsa ya hauro ya gauraya da na sama. Shi ya sa wake ba ya nuna. Bintu ta ɗaga kai tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ranta fari ƙal. Sai Illo ya ƙara da cewa akwai abin da ya gani a ruwan wanda bai kamata a ci gaba da sha ba, gara a rufe rijiyar.

Aka rufe bakinta da siminti ranar Laraba.

Washegari ta bi layin famfo cikin matan da ta girme wa iyayensu. Waken ya nuna luguf kafin itace ya ci rabi, tukunya ta ƙare tun rana ba ta yi tsaka ba. Kowa yana cewa hannun Bintu ya dawo, Muniru ma ya bar zancen ɗaki.

Yanzu in ta wuce gindin bedi da jarkarta, sai su ce mata sannu da aiki, Iya. Takan ɗan rage tafiya ko wani zai ƙara wata magana. Ba mai ƙarawa, sai ta gyara ɗaukar ruwanta ta shige gida.