Mai Zagin Kallamu

Duk ƙauyenmu, can gabas da Ɗanbatta, babu mai bakin zagi kamar Kallamu, kuma abin haushin, mutum ɗaya yake zagi: kansa. Kakansa Babarbare ne, ya zo daga gabas da jaki da wani irin gero mai dogon kai, wanda babu mai shi sai gidansu. In akuyar maƙwabci ta cinye wa Kallamu wake, sai ya ce yunwa ce ta sa ta. Amma bari igiyar guga ta tsinke a hannunsa, ka ji "Kallamu sakarai, Kallamu wofi!" har magariba. Danga ɗaya ta raba gidana da nasa, na sha ji har kunnena ya gaji.

Wata shekara damina ta yi jinkiri, ya yi gaggawar binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Yayyafi ya sauka, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Irin kakan nan saura ƙwarya guda. Da ruwan gaske ya zo, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, shi kuwa gogan ya zauna gindin rumbu yana tsine wa hannunsa. Wai hannun da ya kashe na farko shi zai kashe na biyu. In kuwa shuka ta wuce shi, yunwa za ta sa a daka ƙwaryar nan, irin ya ƙare har abada.

Matarsa Barira, gajera ce amma tsokanarta ta fi ta tsawo. Ta yafa zane sai zauren mai gari Nababa.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Wani ne ya sa maigidana a gaba da zagi safe da yamma, yau har ya hana shi shuka."

Nababa ya fusata. "Kallamu? Bawan Allahn da ko kaza bai taɓa kora ba? A kira shi!"

Kallamu ya zo, ya rantse babu mai zaginsa. Barira ta ce a tambayi maƙwabci. Aka kira ni, na zayyana zagin tsaf, ban rage ko ɗaya ba.

"Daga bakin wa?" in ji Nababa.

Na nuna Kallamu. Kai, zauren nan ya kece da dariya! Nababa ya cusa tasa cikin rawani, ya gyara murya.

"Kallamu, da maƙwabcinka ne ya yi binne ya rasa, me za ka ce masa?"

"Sai in ce sannu, kowa yana yi, Allah ya mayar da alheri."

"To, ga mai asarar nan zaune. Faɗa masa."

Kallamu ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Sannu, Kallamu." Muryar ta karye, dariya ta ɗauke. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Shekara da shekaru yana yi wa kowa sannu, bai taɓa yi wa kansa ba.

Barira ta kwance gefen zane, ta ɗora masa dunƙulen ƙasa a tafin hannu.

"Malam, wancan ya riga ya ƙone. Wannan fa, yaya ka ji ta?"

Ya matsa. "Da sanyi."

"To, zuwa gobe babu shi."

Ya miƙe ko sallama bai yi ba. Kafin azahar yana gaba yana sara, tana baya tana zuba iri tana takewa.

Ba zan ce ya daina ɗungurungum ba. Har tsufa nakan ji "Kallamu saka..." ta bayan danga, sai Barira ta yi gyaran murya, don ƙarar nan ba ta taɓa janye ta ba. Shi kuma sai ya duƙa, ya ɗebi ƙasa yana murzawa har numfashinsa ya daidaita. Ranar da muka kai shi makwancinsa, hanya ta bi tsakiyar gonarsa, geron kakansa ya fi mu tsawo, yana shafar makara hagu da dama.